Mai Haɗa Ganga na Santa Rufina

A Santa Rufina ba mu tara manyan mutane ba. Masunta ne mu da masu kyafa naman alade, can ƙarshen yammacin tsibirin Kuba, inda ɗan rafinmu ke faɗawa teku. Amma muna da Melitón mai haɗa ganga, wanda muke kira Maestro, wato gwani, kuma da za ka tambaye shi, sai ya ce maka shi kaɗai ya ishi gari.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, da muryar da ba ta san raɗa ba. Yana ƙarami uwarsa ta kai shi Habana wurin masu gyaran jiragen Sarkin Sifaniya, ya sha ranƙwashi, ya sha hayaƙi, har ya fito gwani. Da ya dawo gida ya kafa rumfarsa a bakin rafi, ya auri Petronila mai toya wainar rogo, macen da duk gari ya yarda ita kaɗai ke iya mayar masa da magana ta kwana lafiya. Zumarmu da kitsenmu da naman da muke bankawa gishiri, duk a gangunansa suke tafiya kasuwar Habana.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka aikin wasa ne. Gangar katako ba ƙusa, ba danƙo. Katakai ne ake feƙewa ɗaya bayan ɗaya, a jera su kowanne ya jingina da ɗan’uwansa, a hura wuta a tsakiya har su yi laushi su lanƙwashe, sannan a kora musu zoben ƙarfe da guduma. Daga ƙarshe a yanka tsagi ta ciki, a zaunar da gindi. In ka kuskure ko da kaurin gashi ne, ruwa zai nemo wurin. Melitón bai taɓa kuskurewa ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

In ya gama ganga sai ya cika ta da ruwa, ya girke ta a kan busasshen yashi a ƙofar rumfa, ya haye kai ya zauna yana kaɗa ƙafa, yana tare masu wucewa.

“Kompadre Remigio! Ajiye komar nan ka zo ka taɓa yashi. In ka ji laima, ganga taka ce, in haɗa maka da matata.”

Remigio masunci, wanda shi ya riƙe musu ɗa ranar baftisma, shi ya sa suke ce masa kompadre, yakan duƙa ya taɓa don a zauna lafiya. Petronila kuwa daga bakin murhu sai ta ɗaga murya: “Tona da kyau, kompadre! Ni dai kayana a ɗaure suke.”

’Ya’ya huɗu suka haifa, zazzaɓi ya bar musu ɗaya, Dámaso. A kansa Melitón ya juye duk abin da ya iya, ya kuma juye masa duk zafin kansa. Yaro zai wuni yana haɗa ganga, uban ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, “Kwando ka saƙa mana? Kai wa uwarka ta zuba rogo.” Gaskiya kuwa aikin yaron ba shi da laifi, kowa ya sani, shi ma uban ya sani. Bakinsa ne dai bai iya yabon kowa ba sai kansa. Da Dámaso ya zama saurayi ya gaji, ya ɗaure kayan aikinsa ya tafi Habana, aka ɗauke shi mai gyaran ganga a ɗaya daga cikin manyan jiragen sarki. Melitón ya ce ruwansu, su shirya shan ruwan teku. Amma duk shekara in lokacin wucewar jiragen ya yi, sai ka ga ya rufe rumfa ya hau tudu, wai neman itace yake.

Sau ɗaya a shekara ayarin jiragen nan ke tasowa daga Veracruz maƙare da azurfa, su zagaya tsinin ƙasar da ke yamma da mu, su nufi Habana, daga can sai Sifaniya. Azurfar ba tamu ba ce, ba kuma ta waɗanda suka mutu a rami wajen haƙo ta ba ce. Ko ƙyallinta ba mu taɓa gani ba. Abin da muke gani shi ne masu binta a baya. Su fa ba sa son a ce musu ’yan fashi. Sarkinsu ya ba su takarda mai hatimi, ya ce su tare jiragen Sifaniya a raba da shi, don haka a ganinsu ma’aikata ne. Mu dai ba mu taɓa jin wanda suka yanka ya tashi ya ce ya ga bambanci ba.

Shekarar da abin ya faru, da hantsi, jirage uku na mutanen Ingila suka shigo lungun tekunmu suka saki anga. Ba su harba igwa ba. Kyaftin ɗinsu ya sauko a kwalekwale, dogo, tsaf-tsaf kamar mai zuwa coci. Ya tara mu a bakin rafi ya buɗe mana takardar sarkinsa, alhali ko fada, limamin cocinmu, bai iya karanta ta ba. Tun daga ranar muke ce masa Mai Takarda. Tafintansa wani mutumin Fotugal ne mai ruɓaɓɓun haƙora, shi ya yi bayani. Guguwa ta farfasa musu gangunan ruwa, ’yan tsofaffi kaɗan suka rage, mai gyara musu kuma zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Suna son sababbi masu yawa, da sauri. Za su biya da yadi da wuƙaƙe. In an ƙi, akwai wuta.

“Ina mai haɗa gangar garin nan?” in ji tafinta.

Kowa ya sunkuyar da kai. Da Melitón ya kama bakinsa, wataƙila da sun ɗebi alade sun yi gaba. Amma a ce ana cigiyar mai haɗa ganga a gabansa ya yi shiru? Sai ga shi ya ture mutane ya fito.

“Ka iya?” tafinta ya tambaye shi.

“Je ka tambayi Habana,” in ji Melitón.

Sai da suka tasa ƙeyarsa zuwa rumfa, suka girke masa masu bindiga biyu, sannan kansa ya fara aiki. Tafinta ya zauna a kan kututture yana sakace, ya ce masa ya yi sauri, don ayarin Veracruz na hanya. Za su laɓe ne a bayan tsinin ƙasa su jira, kuma can ko ɗigon ruwan sha babu. In suna da ruwa, za su iya zama har ayarin ya zo ya faɗo musu a hannu. In babu, ba zama.

Melitón ya ji gizagon da ke hannunsa ya yi masa nauyi. Ya san yadda ake tare jirgin azurfa. Ana fara ɓarin wuta ne a cikinsa, can ƙasa inda igwogi suke, inda ganguna suke, inda mai gyaran ganga ke tsaye. Duk gangar da zai haɗa, kwanakin jira zai ƙara wa masu jiran ɗansa.

Da rana ta take Petronila ta kawo masa wainar rogo da kifi. Masu gadin ba sa jin harshenmu, tafinta kuma ya tafi neman giya, don haka ta tsuguna kusa da shi tana murmushi kamar hirar gida suke.

“Ka ji daɗi, sarkin baki? An tambayi Habana?”

“Ki bar ni da abin da ke damuna, mace.”

“Ina da ruwan ɗanyen rogo cike da tulu, wanda na matse jiya. Ka shafe cikin gangunan da shi. Su sha su mimmiƙe.”

“Ni ba mai guba ba ne. Kuma ranar da na farko ya faɗi, za su dawo su yanka garin nan har kaji.”

“To yi musu mai yoyo.”

Ya dube ta kamar ta zagi uwarsa. “Ni?”

“Kai. Ko ganga ta fi Dámaso?”

Ya ajiye gizagon. Da ya buɗe baki, muryar nan tasa ta yi ƙasa yadda ba ta taɓa ji ba. “Ko na yarda, ba wawaye ba ne. Sun ce kowace sai an cika ta ta kwana a kan yashi kafin su ɗauka. Mai yoyo ba za ta bar bakin rafin nan ba.”

Ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwarya, sai idonsa ya sauka a gwiwar hannunta. Sitacin rogo ya bushe a wurin, ya kama fata ƙam, ya yi ƙarfi kamar ƙaho. Ya sa farce ya kankara, ya ƙi fita.

“Wannan me ke cire shi?”

“Sai na jiƙa ya daɗe. Me ya faru?”

“Gobe ki dama mini mai kauri. Ki sa a ƙasan ƙwarya, ki rufe da waina.”

Haka aka yi. Jikin kowace ganga ya haɗa shi yadda ya saba, sumul, ba inda za ka sa allura. A tsagin da gindi ke zama ne ya yi ɓarnar. Ya zurfafa shi fiye da ƙima, ya cike gurbin da dafaffen sitaci haɗe da garin katako, ya gasa ya bushe, ya shafa ɗan kakin zuma a kai, ya bi da baƙin tukunya. Ido ba ya gani. Ruwa ma ba ya gani da farko, sai ya jima yana lasa.

Ba ƙaramin ciwo abin ya yi masa ba. Duk tsagin da ya ɓata, ji yake kamar a jikinsa ya yanka. Ga shi dole ya ci gaba da cika baki, don in ya yi laushi za a gane. Sai ka gan shi ya haye gangar da ya san ƙarya ce a gindinta, yana kaɗa ƙafa, yana kiran Mai Takarda ya zo ya taɓa yashi. Mai Takarda ya taɓa, ya ɗanɗani ruwan, ya jinjina kai. Suka jera gangunan can ƙasan jirage, tsofaffin nasu a sama inda za su fara sha, suka bar mana yadi da wuƙaƙe, suka ɗaga filafilai, ƙyallayen da iska ke turawa, suka yi yamma.

Ganga ɗaya Melitón ya ɓoye, irin waɗancan, wadda ya cika rana ɗaya da su. Ya girke ta a ƙofar rumfa, ya zauna a gabanta, ba a kanta ba. Ita ce za ta gaya masa abin da ke faruwa a cikin jiragen. Gari ya waye, yashi a bushe. Gari ya sake wayewa, a bushe. Kwanaki suka yi ta tafiya, ayari na matsowa, gangar nan ta ƙi zubar da ko ɗigo. Ya daina cin abinci. Ya riƙa zagin hannunsa a fili, wai la’anannen hannu ne wanda ko an roƙe shi ya yi aikin banza ba ya iyawa. Remigio ya zo ba shi haƙuri, ya kore shi da gizago.

Wata safiya Petronila ta fito zubar da toka, sai ta ƙwalla masa kira. Ya fito a guje ba riga. Yashin da ke gindin gangar ya yi duhu, laima ta zagaye ta, tsami na tashi. Ya durƙusa ya damƙi yashin ya matse a tafinsa. Tunda yake bai taɓa ganin jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin aikinsa ba, ya rasa kuka zai yi ko dariya, sai ya haɗa duka biyun. Kafin rana ta yi tsaka gangar ta koma fanko.

Daga nan kowa ya san abin da zai biyo baya. Aka kwashe mata da yara da aladu zuwa daji. Melitón ya ce shi ba inda za shi, don in suka zo ba su same shi ba, gidaje za su huce a kai. Petronila ta ce ita ma tana da rogo a jiƙe. Remigio da wasu dattawa suka zauna tare da su.

Ba a daɗe ba jiragen suka dawo. Mutanen da suka sauko leɓunansu duk sun tsattsage, wasu ko nuna mana bindiga ba su tsaya yi ba, suka kifa kai a rafi kamar shanu. Mai Takarda bai sha ba. Ya sa aka mirgino ganga ɗaya har ƙofar rumfa, aka fasa gindinta da gatari. Ya sa yatsa a tsagin, ya lakato wani farin abu mai yauƙi, ya kai wa Melitón har hanci. Ya yi magana a hankali, tafinta ya juya.

“Kyaftin ya ce tambaya ɗaya ce. In da gangan ka yi, to kai da garinku kun yaƙe shi, zai ƙone kowane gida, ya bi waɗanda suka gudu daji. In kuwa iyakar iyawarka ke nan, laifinsa ne da ya yarda da jaki, gari ba ruwansa. Sai dai zai tabbatar hannun nan bai sake cutar wani matuƙi ba. To, wanne ne?”

Ba tsoron hannun ne ya dami Melitón ba. Da cewa aka yi ya miƙa wuya, da ya fi masa sauƙi. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa kwana bai gaya wa wani shi ne gwani ba, yau ana so ya tsaya a ƙofar rumfarsa, a gaban kompadrensa, ya kashe sunansa da bakinsa. Gaskiya na nan a kan harshensa, mai daɗi, mai ɗaga kai: da gangan na yi, kuma ba wanda zai iya irinsa daga nan har Sevilla ta Sifaniya. Ya haɗiye ta.

“Haka muke yi a nan,” ya ce. “Da sitaci ake toshewa. Haka na iya.”

“Kai da ka ce a tambayi Habana?”

“Shara nake yi musu a can.”

Mai Takarda ya zuba masa ido, bai gamsu ba. Sai Petronila ta saki wata dariya mai cin rai, ta tafa hannu.

“Ranka ya daɗe, ai da ni kuka tambaya! Wa ke zuba ruwa a gangar wannan? Ga tawa can, dubi gindinta, ko wanki ban gama ba ta tsiyaye. Masara muke zubawa a ciki, ita ma ɓera na shiga. Baki ne da shi kawai. Da baki ya aure ni, ga ni nan ina ta cizon yatsa.”

“Gaskiya ta faɗa,” in ji Remigio, idonsa a ƙasa. “Ni tulu nake ɗauka in zan fita teku.”

Dattawan ma kowa ya tofa tasa. Melitón na tsaye yana ji, mutanen da suka fi kowa sanin ƙimarsa suna tsige shi ɗaya bayan ɗaya don su cece shi, su ceci gari. Mai Takarda ya je ya dubi gangar da Petronila ta nuna, ya ga tabon laima a yashi, ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba daɗi a cikinta. Ya ɗaga yatsa. Mutum biyu suka danne hannun daman Melitón a kan kututturen da yake sassaƙa, na uku ya ɗauki gudumarsa ta kora zobe. Sau uku ya buga. Melitón bai yi ihu ba sai a ta ƙarshe. Petronila kuwa ba ta bar fuskarta ta canza ba har sai da kwalekwalensu ya bar gaɓa, sannan ta zube.

Mutanen Ingila ba su da isasshen abin zuba ruwa, ba su da mai gyarawa. Suka cika ’yan tsofaffin gangunansu da tulunan da suka ƙwace mana, suka yi kudu neman tsibirin da mutanensu suke. Bayan tafiyarsu da kaɗan, Melitón na kwance zazzaɓi na kaɗa shi, Remigio ya shigo da gudu ya ce an hango filafilan ayarin azurfa. Mutum huɗu suka ɗauke shi a kan ƙyauren ɗaki suka hau da shi tudu. Can nesa ga su nan, farare, a jere, iska na tura su gabas, ba mai binsu. Ba yadda za a yi ka gane wanne ne na Dámaso. Melitón ya bi su da ido har na ƙarshe ya ɓace, sannan ya ce a mayar da shi gida, rana na dukansa.

Labarin bai fita daga Santa Rufina ba, kuma da dalili. A dokar gwamna, wanda ya yi wa abokan gaba aiki rataya ce hukuncinsa, ba a tambayar irin aikin. Da sojoji suka zo bincike, fada ya ce musu icce ne ya faɗo wa Maestro a hannu. Garin da ko kaza ta yi ƙwai sai an ji a ƙetaren rafi, ya riƙe wannan magana gam. Ina alfahari da mu a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Hannun ya warke a murɗe. Melitón ya koma haɗa ’yan bokitai da akusa da hagu, a hankali, yana tsaki. Ya daina tare masu wucewa. Su ne yanzu ke tsayawa da kansu, su cire hula su ce, “Barka da aiki, Maestro.” Hannun kuwa kullum yana ƙarƙashin fatar da yake ɗaurawa a ƙugu in zai yi aiki, ba ya son a kalla.

Sai da damina biyu ta wuce Dámaso ya samu hutu, ya biyo jirgin masu kai gishiri ya sauka a gaɓarmu da la’asar. Ya yi gemu, ya yi faɗi, shi ne yanzu babban mai gyaran ganga a jirginsu. Uwarsa ta rungume shi. Uban na zaune a benci a ƙofar rumfa, fata a cinya, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Ka dawo? Jirgin bai nutse ba ke nan.” Dámaso ya yi dariya, don ya san iyakar marabar da zai samu ke nan. Kafin a jima gari ya taru, aka kawo giyar rake, aka ce ya ba da labarin duniya.

Ya ba da na Sevilla, ya ba da na guguwa. Can sai ya buga cinya ya juya wajen ubansa.

“Baba, ga wanda na ajiye maka, kai za ka fi kowa jin haushinsa. Kun san shekarar nan saura ƙiris mutanen Ingila su gama da mu a tsinin can? Wallahi ba mu ma sani ba sai daga baya. Wani matuƙi da suka kama suka saki, shi ya kawo labarin zuwa Habana. Jirage uku, igwogi kamar haƙora, sun laɓe suna jiranmu. Kun san me ya cece mu? Ba sojan sarki ba, ba addu’ar fada ba. Wani wawan mai haɗa ganga!”

Ba wanda ya yi dariya. Dámaso ya ɗauka bai kai wurin daɗin ba ne, sai ya ƙara wuta.

“Wai sun kama shi a wani ƙauye, wasu sun ce Campeche, wasu sun ce Española. Ya cika musu baki shi gwani ne. Ashe da kunun rogo yake liƙe ganga! Kunu, Baba! Yanzu duk mashayar da ka shiga a Habana labarinsa ake. Wasu sun ce makaho ne, wasu sun ce a buge yake aiki, har waƙa an yi masa. In yaro ya yi aikin banza a jirginmu, ce masa nake, kai ɗan mai kunu ne? Na ce da Babana zai gamu da wannan, da ya kore shi daga sana’a da bulala.”

Remigio ya tashi kamar zai tafi, ya koma ya zauna. Petronila ta sa bakin zane ta toshe bakinta. Melitón bai motsa ba, fuskarsa kamar an sassaƙa.

“Kun ga jiragen nasu?” ya tambaya.

“Ko ƙyalle ba mu gani ba. Lafiya lau muka wuce, ina ma tsaye a sama ina hango tudunmu.” Dámaso ya kurɓi giya. “Amma ka ji ƙarshen abin dariyar. Wai a cikin tulin gangunan nan da ya yi, an samu uku ko huɗu da suka riƙe ruwa. Ko shirmen ma bai iya shi daidai ba!”

“Ƙarya ne!”

Muryar nan ce ta dā, wadda muka yi shekara biyu ba mu ji ba, har kaji suka watse. Melitón ya miƙe tsaye, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

“Ƙarya suke yi! Waɗanda suka riƙe ruwa nasu ne, tsofaffin da suka zo da su, ko taɓa su ban yi ba. Nawa kuwa, ka koma ka gaya wa mashayan Habana, ko ɗaya ba ta tsira ba. Duka suka tsiyaye, har ta ƙarshe, kuma a lokacin da na so!”

Yana faɗa yana nuna ɗansa kamar yadda ya saba tun yaron na ƙarami, ya manta wane hannu ya zaro.

Dámaso ya dubi hannun, yatsun a karkace sun manne da juna. Ya dubi uwarsa, ya dubi Remigio, ya dube mu, ba wanda ya kau da kai. Ya ajiye ƙoƙon giyar a ƙasa, ya cire hularsa a hankali. Sannan ya durƙusa, ya kama hannun da nasa biyu, ya kifa goshinsa a kai. Melitón, wanda ban da Petronila bai taɓa yarda wani ya taɓa hannun nan ba, ya bar masa shi.